Bashin Zango

  

Yau tambaya guda na kawo muku. Ga ta. Mutum ya sauka wani wuri, ya kwana dare ɗaya tak. Da asuba zai tashi, kuma ya san ba zai sake komowa ba. Ba wanda ya san shi a wurin, ba wanda ya san ubansa. Shin wurin nan yana bin sa wani hakki? Ko kuwa yana iya barin sa yadda ya ga dama?

Kada ka yi saurin amsawa, ɗan'uwa. Ni ma na san amsar da baki tun ina yaro. Amma ranar da aka gwada ni, na kasa. Bari in ba ka labari, sannan mu auna tare.

Dajin Kakum

A shekarar 2018 na tafi Gana, wurin wani ƙanena da ke neman abinci can. Da yawa cikinku kun san kurmi. Wanda bai je ba yana da ɗa, ko miji, ko maƙwabci da ya je. Ƙanen nawa yana zaune a Kef Kos, wani gari na bakin teku. Wata rana ya ce mini: "Yaya, ka ga teku. Saura ka ga daji."

Dajin sunansa Kakum. Yana arewa da garin, tafiyar kilomita 30 ko kusa da haka. Girmansa murabba'in kilomita 375 ne. In ka daidaita shi, kamar fili ne mai kilomita 19 da ɗan ɗori a kowane gefe. Tun 1931 aka keɓe shi. A 1992 gwamnatin Gana ta maishe shi babban gandun daji na ƙasa. Ba a farauta ciki, ba a sara, ba a noma.

Damina biyu suke yi can a shekara. Ruwan da ke sauka ya ninka na Maraɗi fiye da sau 2. Shi ya sa itatuwa suke tashi sama har wuyanka ya gaji da kallo. Na ga rimi wanda saiwoyinsa suka fito waje kamar katanga, har mutum yana ɓuya tsakaninsu. Da rana tsaka ƙasan dajin yana da duhu-duhu, kamar cikin ɗaki. Akwai giwaye, da birai, da tsuntsaye iri fiye da 200. A 1995 an ɗaura wata gada ta igiya da katako daga kan icce zuwa kan icce. Tsawonta ya wuce mita 300, kuma mai bin ta yana ganin ƙasa can nesa ƙarƙashin ƙafarsa.

Cikin dajin an ware wani ɗan wuri don baƙi su kwana. Ka biya kuɗi, a haɗa ka da ɗan rakiya, ka shiga da guzurinka da gidan sauro. Mutane suna zuwa daga ƙasashe masu nisa don wannan kwana. Ka ji abin mamaki: mu muna gudun kwanan daji, su suna biya!

Mun kwana. Ban yi barcin kirki ba. Iska tana da laima, tufafi suna manne wa jiki. Kwaɗi da ƙwari ba su yi shiru ba. Can cikin dare wata ƴar dabba mai kama da rema ta dinga ihu daga kan icce, kamar ana yanka ta. Na kwanta ina tunani, ashe ni ne baƙo a nan. Duk masu kukan nan gidansu suke.

Abin da na yi da asuba

Da gari ya waye muka karya kumallo da burodi da kifin gwangwani. Na sha ruwan leda. Da muka tashi tafiya, sai na dubi gwangwanin. Akwai sauran mai a ciki, zai ɓata mini jaka. Na waiga dama, na waiga hagu. Na tura shi da ledar ƙarƙashin wata saiwa, na ja ganye da ƙafa na rufe.

Ɗan rakiyarmu dattijo ne, ya yi sa'ar babana. Ashe ya gan ni. Bai ce uffan ba. Ya sunkuya, ya tone ganyen, ya ɗauki gwangwanin da ledar, ya sa cikin jakarsa, ya wuce gaba. Da ya zage ni, da na sami abin faɗi. Amma bai ba ni wannan sauƙin ba. Har muka fito daga daji ina kallon jakar nan tana lilo a bayansa.

Abin da zuciya ta ce

Ka san zuciya ba ta rasa hujja. A hanya ta kawo mini guda uku. Na tabbata kai ma ta taɓa kawo maka su.

Ta farko ta ce: "Ai ka biya kuɗi." Gaskiya ne, na biya. Amma mene ne na saya? Kwana ɗaya na saya, ban sayi dajin ba. In ka ari jakin maƙwabcinka ka kai kaya kasuwa, ka ba shi ladan jakin, wannan bai ba ka izinin karya masa ƙafa ba.

Ta biyu ta ce: "Gwangwani guda me zai yi wa wannan uban daji?" Guda ba zai yi kome ba. Amma ba ni kaɗai ke kwana can ba. Dubban mutane suna shiga dajin nan kowace shekara. In kowa ya ce nasa guda ne, zango ya zama juji. Kuma leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Tambayi mahaucin garinku abin da yake tararwa cikin tumbin akuya da na saniya. Kowace leda da ke cikin tumbin nan, wani ne ya jefar yana cewa guda ce.

Ta uku ta fi ƙarfi. Ta ce: "Ba za ka komo ba. Ko wurin ya gyaru ko ya ɓaci, ba ka da riba, ba ka da hasara." Wannan ita ce ainihin tambayarmu. Mai gona yana kula da gonarsa don baɗi zai ci. Mai gida yana share tsakar gidansa don shi zai taka. To baƙon dare ɗaya fa, don me?

Wa ya share kafin ka zo?

Na daɗe ina juya wannan magana. Amsar da na samu ba a gaba take ba, a baya take.

Lokacin da na isa zangon nan, na tarar da shi tsaf. Ban taka kwalba ba. Ban ji wari ba. Na kwanta inda ba ƙazanta. Wa ya yi mini wannan? Mutanen da suka kwana kafin ni, da masu aikin wurin. Baƙin da suka rigaye ni su ma dare ɗaya suka yi. Su ma ba za su komo ba. Ba su san ni ba. Duk da haka suka ɗauki tarkacensu suka tafi da shi.

Ke nan na ci alherin mutanen da ba zan taɓa gani ba. Ba ni da hanyar yi musu godiya. Ba ni da hanyar mayar musu. Ƙofa ɗaya ce ta rage: in yi wa na bayana abin da na gabana suka yi mini. Wannan shi nake kira bashin zango. Daga na gaba ake cin sa, na baya ake biya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Ni na ci ladan, na so in gudu da aska a aljihu.

Kakanninmu sun san wannan. Shekaru fiye da 150 da suka wuce, fatake suna tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, wato arewacin Gana ta yau. Suna kora jakuna, suna kai kanwa da tufafi da kayan fata, suna komowa da goro daga kasuwar Salaga. Tafiya ce ta watanni. Kowane maraice madugu yana tsai da ayari a zango, inda akwai ruwa da inuwa da ciyawa. Ka yi tunani. Da ayarin farko ya ɓata rijiya, ko ya sare iccen inuwa ya hura wuta, ko ya bar gobara ta cinye ciyawa, ina ayari na biyu zai sauka? Hanya ba ta rayuwa sai da zango, zango ba ya rayuwa sai da amana. A 1892 yaƙin basasa ya watse kasuwar Salaga, Hausawa suka bazu cikin garuruwan kudu. Har yau a Kumasi da Ankara, unguwannin da baƙi Musulmi suka kafa ana ce musu zango. Wurin kwana ɗaya ya zama gidan jikoki.

Manomin da ke bakin daji

Amma kada in nuna maka gefe guda in ɓoye guda. Akwai wata magana mai nauyi, wadda ƙanena ya tayar muna cikin mota.

Kewaye da Kakum akwai ƙauyuka. Mutanensu manoma ne kamarka. Suna noma koko, da rogo, da masara, da ayaba. An hana su farauta da sara cikin dajin da iyayensu suka saba shiga. Giwaye kuwa ba su san iyaka ba. Sukan fito da dare su faɗa gona. Abin da mutum ya yi watanni yana wahala a kai, sai ya tashi da safe ya tarar an tattake. Wasu manoma suna jiƙa tsumma da barkono da baƙin man mota, su rataya a igiya kewaye da gona, don giwa ba ta son yajin.

Ƙanena ya ce: "Yaya, kai ka kwana ɗaya ka ji daɗin daji. Shi yana kwana kullum da fargaba. Wa ke biyan kuɗin dajin nan da gaske?"

Gaskiya ya faɗa. Ɗaukar gwangwani abu ne mai sauƙi. Manomin nan shi ne ke ɗauke da babban kaya. Amma wannan bai soke bashina ba, ƙara masa nauyi ya yi. Ashe ba baƙin da suka rigaye ni kaɗai na ci wa alheri ba. Na ci haƙurin mai rogon da giwa ta tattake. Don haka baƙon kirki ba ya raina mutanen bakin daji. Ya gaishe su, ya sayi abin da suke sayarwa ba tare da ya danne su ba. Masu riƙe da daji kuma, ko a wace ƙasa, adalci ne su sa mutanen bakin daji cikin amfanin da daji ke kawowa. Dajin da maƙwabtansa suke ƙi, tsaronsa yana da wuya.

Mu komo gida

Watakila ka ce: "Malam, ni ba ni da kuɗin zuwa Kakum. Ina ruwana?" Da ruwanka, ɗan'uwa. Kai ma kana sauka zango. Kana kwana a tasha. Kana hutawa gindin tsamiya a hanyar kasuwa. Kana shayar da dabbobi a rijiyar wani gari. Ke ma, ƴar'uwa, kina shiga daji neman icce inda ba mai ganinki. A duk waɗannan wurare baƙi ne mu.

Baƙi iri uku ne. Akwai mai barin wuri ya fi yadda ya same shi muni. Akwai mai barin sa yadda ya same shi. Akwai mai barin sa ya fi kyau. Na ukun ba sai mun je nesa ba. Dubi makiyayin da ya sauka gonarka bayan girbi, da yardarka. Ya yi kwanakinsa ya tashi, ya bar maka taki. Dubi kuma manoman jihar Maraɗi da Damagaram. Tun wajen 1984 suka fara sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma cikin gona maimakon su ƙone shi. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwan da aka raya haka a Nijar sun kai wajen miliyan 200. Da yawa daga tsofaffin da suka fara sun rasu. Jikokinsu ne ke zama a inuwar.

In ka duba da kyau, mai gona ma baƙo ne. Kwanansa ne kawai ya fi nawa yawa. Ni na yi dare ɗaya a Kakum. Kai ka yi shekara 60 ko 70 a gonar ubanka. Daga baya kowa zai naɗe tabarmarsa, wani ya zo ya shimfiɗa tasa.

Har yau ban san sunan dattijon nan ba. Amma tun daga ranar, in na tashi daga wuri sai na waiga in dubi inda na zauna.

Ga tambayoyi uku, ku tattauna a wurin karatu:

1. Wane zango ne ke kusa da garinku, kuma wa ke kula da shi?
2. Wane alheri ka taɓa tararwa wanda ba ka san mai shi ba?
3. In dokar daji ta cuci manomin da ke bakinsa, yaya za a yi a gyara ba tare da an kashe dajin ba?

Wanda ya iya rubutu, ya rubuto mana amsarsa da hannunsa. Wanda bai gama iyawa ba, ya ƙoƙarta, ko layi biyu ne. Allah ya sa mu bar zango da alheri. Sai wani jiƙon.