Wa Zai Miƙa Dantsensa?

'Yar'uwa, in kin taɓa haihuwa a asibitin Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu, kin san allurar nan ta BCG da ake yi wa jariri a dantse, mai barin ɗan tabo. Rigakafin tarin fuka ce, wato tibi. Tun 1921 aka fara ba da ita a birnin Faris, kuma har yau ba a amince da wata ba bayanta. Tana kare yaro daga mugun nau'in cutar mai hawa ƙwaƙwalwa, amma ba ta cika kare babba daga tarin huhu ba. Shi ya sa har yanzu za ki ga maigida ya kwashe wata 6 yana shan ƙwayoyi, uwargida na fama da jinya, maƙwabta kuwa sun ɗauke ƙafa.

Masana dai suna neman sabuwa. Akwai wata mai suna M72, wadda a 2024 aka fara babban gwajinta a jikin mutum wajen 20,000 a Afirka ta Kudu, Kenya, Malawi, Zambiya da Indunisiya.

To ga inda gizo ke saƙa: ba a sanin amfanin allura sai an yi wa wani. Wanda aka fara ba BCG jariri ne da tarin ya kashe masa uwa yana ɗanyen goyo. Wani ne ya yarda aka gwada a kansa, ga shi yau 'ya'yanmu ke cin moriya. Shin ya halatta mu riƙa shan romo, alhali da za a zo neman masu shiga gwaji a Jigawa, rufe ƙofa za mu yi?

Kada a yi saurin zarginmu fa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Tsoron nan namu yana da asali.

Sai dai a ganina abin da ya yi mana ciwo a Kano rashin shawara ne. Da an zaunar da uwa an faɗa mata da Hausa, ga amfani, ga haɗari, kina iya cewa a'a kuma za a duba ɗanki, da maganar ta sha bamban. Wadda ta amince a kan haka ta yi sadaka da jikinta. Wadda aka sa wa yatsa a tawada ba ta san me takarda ta ce ba, an zalunce ta, ko da maganin ya yi aiki.

Saura kuma batun rabo. In talakawa suka ba da dantse allura ta tabbata, matar Kiyawa za ta same ta kyauta kamar BCG, ko sai mai kuɗi ya gama?