Raƙumin Jabir da salular Tanut

A kasuwar dabbobi ta Tanut, da dillali ya haɗa hannun mai saye da mai sayarwa aka ce Allah ya sa albarka, magana ta ƙare. Sabon mai raƙumi ya ga dama ya nufi Agadas da shi, ya ga dama ya ɗora masa buhunan gero zuwa Belbeji. A teburin masu sayar da salula kuwa, cinikin yana da saura.

Tecno, Infinix da Itel, waɗanda suka cika hannun jama'a, duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a ƙasar Sin, kuma kowace da fuskar da aka ɗora mata a kan Android: HiOS a Tecno, XOS a Infinix. Mai waya yana iya sauya hoton bango, ya sauya sautin kira, ya saka allon rubutu mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Amma cikin manhajojin da waya ta zo da su akwai waɗanda sai dai a kashe su, ba sa goguwa. Ɗalibin zaure da ya sayi waya don sauraron tafsiri zai iya tarar da Boomplay ta waƙe-waƙe tana zaune ciki tun daga kwali.

Shin wannan mallaka ce cikakkiya? Fiƙihu ya san irin tambayar. Jabir ya sayar wa Annabi (SAW) raƙumi da sharaɗin zai hau shi har Madina, cinikin ya tabbata. Masu kuyanga Barira kuwa sun sayar da ita ga Nana A'isha suna so wala'inta, wato alaƙar da ke tsakanin 'yantacce da wanda ya 'yanta shi, ya zauna gare su, aka watsar da sharaɗin. Malikiyya, mazhabar da mutanen Tanut ke bi, ta haɗa hadisan biyu: ɗan amfani mai iyaka da mai sayarwa ya keɓe wa kansa ya halatta, sharaɗin da ya ɗaure hannun mai saye a kan dukiyarsa kuwa bai halatta ba.

Kamfani zai ce ƙarfe da gilashi ya sayar, manhaja izinin amfani kawai ya bayar. Hujjar tana da tushe, sai dai hawan Jabir ya ƙare a ƙofar Madina, zaman manhajar kuwa ba shi da wa'adi. Ga kuma batun yarda, ginshiƙin kowane ciniki: dogon sharaɗi da Faransanci, wanda sau da yawa yaron shago ne ke danna amincewarsa kafin ya miƙa wayar, da wuya a kira shi yardar makiyayin da ya biya kuɗin.

Koriya ta Kudu ta umarci kamfanoni a 2014 su bar mutane su goge yawancin irin waɗannan manhajoji. Mutumin Belbeji kuwa sai dai ya kai wa mai gyara ya taɓa cikin wayar, abin da kan iya zubar masa da garanti.