Ɗakin Kwamfuta a Zango: Shin Sadaka ce Mai Gudana?

An daɗe ana ja-in-ja a Zangon Agege kan wata tambaya: in mai hali ya kama ɗaki, ya zuba kwamfutoci da intanet saboda Allah domin 'ya'yan talakawa, yana da lada irin na wanda ya haƙa rijiya? Wani dattijo mai fataucin goro ya taɓa ce mini, "Malam, abin da ke lalata mana yara shi za mu kira sadaka?" Maganarsa tana da tushe, domin ya ga samarin da cacar ƙwallo ta waya ta cinye musu jari. Duk da haka ni dai ina ganin akwai lada, har ma ina ganin aikin ya hau kanmu.

Mu fara da halin da muke ciki. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke kawo wa Najeriya intanet a Legas suke sauka: MainOne a 2010, Equiano na kamfanin Google a 2022. Amma ka je Idumota, gindin gadar Carter, ka tsaya wajen 'yan uwanmu 'yan dako. Lokacin ƙarancin takardar Naira a farkon 2023 na ga wani magidanci, gammo a kafaɗa, ya miƙa wa mai POS katinsa, ya kuma faɗa masa lambar sirri da ƙarfi a gaban jama'a, saboda bai iya danna ta da kansa ba. Gumin yini guda ya rataya a kan amanar mutumin da bai sani ba. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Na koyar da yarinyar da ta haddace izu talatin, amma ranar jarrabawar ce farkon zamanta gaban kwamfuta, hannunta na rawa.

Malaman Usulu suna da ƙa'ida: duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Kare dukiya da neman halali da neman ilimi duk wajibai ne, kuma yau ƙofarsu ta bi ta cikin waya. Imam Gazali a Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato in babu mai yi a gari, laifin ya hau kan kowa. Ban ga dalilin da zai fitar da sanin kwamfuta daga wannan sahu ba.

Batun fitina kuwa, ai wayar tana aljihun yaran tuni. Bidiyon banza da caca sun iske su har ɗaki ba tare da an gina musu cibiya ba. Abin da bai iske su ba shi ne mai koya musu cike fom, gane saƙon 'yan damfara, tantance labari kafin yaɗa shi, da neman karatu ko sana'a. Hana cibiyar yana barin sharrin inda yake, ya toshe alherin.

Hukumar sadarwa ta NCC tana da asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada domin kai sadarwa inda ba ta isa ba, kuma yana kafa cibiyoyi a makarantu da garuruwa. Ya kamata sarakunan Hausawa su nema mana rabonmu. Sai dai zaman jiran gwamnati bai sauke mana nauyi ba. Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, da ya ga mutanen Madina na sayen ruwa, sai ya sayi rijiyar Ruma ya mai da ita wakafi. Hikimar wakafi ita ce ɗorewa. Kwamfuta ta hannu tana nan a Computer Village, Ikeja, kusa da mu. Abin da ke kashe irin waɗannan ɗakuna shi ne kuɗin wuta da data da albashin malami. Hayar shago ɗaya a Idumota ko Mile 12, in aka tsayar da ita wakafi, za ta rage wannan nauyi shekara da shekaru.

A kuma ware wa mata lokacinsu da malamarsu. Nana Asma'u ba ta jira matan ƙauye su zo Sakkwato duka ba, malamai mata da ake kira jaji ta horar suka kai musu karatu har gida.

Alhazanmu na goro da shanu da canji, kun gina masallatai, Allah ya saka da alheri. Yanzu a buɗe ɗaki ɗaya a gefen kowace Islamiyya, a sa amintattu su kula da shi, a rubuta wakafinsa a gaban shaidu.