Shin Shan Iska Laifi Ne Ga Mace?

'Yar'uwa, wai me ya sa namiji zai shimfiɗa tabarma a gindin bedi ya wuni, a ce hutawa yake, amma mace in ta taka waje ba tulu ba ƙwarya sai a ce yawo ya kama ta?

A Bugaje, ba ma fita sai da dalili: itace, niƙa, barka ko gaisuwar rasuwa. Alhali duk wadda ta taɓa bin 'yar siririyar hanyar gona da damina ta san daɗin da nake nufi. Gero ya kere ki tsawo, ƙasa na ƙamshin ruwa, gawo ya kaɗe ganyensa, shi da ba ya shiri da damina, kurciya na kuka a kansa. Ba mai ƙwala miki kira.

Ni dai a ganina zuciya ma tana jin ƙishi. Matar da ta wuni tsakanin murhu da katanga, hayaƙi a ido, ita ce za ta huce kan yaro da daddare, sannan a ce ba ta da haƙuri. Don Allah maigida, in ta nemi izini, ka bari.

Kuma fa wuraren raguwa suke yi. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Jibiya, ko maza tsoron gona mai nisa suke, balle mace ta ce za ta je kallon ruwa a dam ɗin da aka gama a 1991. Saura 'yan itatuwan bakin gari, su ma gatarinmu na bin su ɗaya bayan ɗaya, saboda tuwon dare.