Dillalin da Bai Ga Kayansa Ba

Ko a Gummi muke ko a Anka, da wuya mu buɗe WhatsApp ba mu ci karo da tallar wani kwas ba: a biya kaza, a koyi dillancin intanet. Mutum zai buɗe shafi a kan abu guda, a ce injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ya yi rubutu a kansa, ya jona mai karatu da kasuwa irin Jumia ko Amazon. Duk wanda ya saya ta hannunsa, yana da la'ada.

Dillanci ba baƙonmu ba ne. A kara, dillali kan buɗe bakin dabba ya duba haƙora, ya san mai ita, in aibi ya fito kuma mako mai zuwa za a same shi a wurin. La'adarsa ladan amana ce. To wanda ya rubuta cewa wannan inji ya fi kowanne alhali bai taɓa tayar da shi ba, me ya sayar? Shaidar zur ya sayar, manomin fadama kuma ya biya da kuɗin albasarsa.

Don haka kafin mu biya kuɗin kwas, mu fara tambaya: ina malamin ke samun nasa? Idan a darasin farko aka ce mu sayar wa wasu wannan kwas ɗin mu karɓi kaso, to mu ne hajar, gobe kuma ƙannenmu. Mu tambaya ko ya faɗi kuɗin sunan shafi da na data, da watannin da akan yi kafin Google ya fara kawo masu karatu. Mu tuna da Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara har tsawon makonni. Sannan ko yana koya wa ɗalibi ya gaya wa mai karatu cewa akwai la'ada a maganar?

Mu mun san tsadar arzikin da ba a tambayi bayansa ba. A 2010, gubar dalma da ke cikin dutsen zinaren da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Iyayen ba mugaye ba ne, abinci suke nema, ba wanda ya faɗa musu abin da ke cikin ƙurar. Kwas ba guba ba ne, amma shi dillalin intanet ya san abin da yake ɓoyewa.

Wanda ya san noman barkono ko gyaran sola, ya rubuta abin da hannunsa ya taɓa, ya faɗi aibin kaya kamar yadda yake faɗin kyansa. La'adar za ta zo a hankali, wataƙila kaɗan, amma zai iya haɗa ido da mai saye ran kasuwa.