Tsakanin Bin Diddigin Aiki da Leƙen Asirin Ma'aikaci

 

Ya ku ƴan uwa, da yawa daga cikinmu da ƴaƴanmu suna neman abincinsu a ma'aikatun gwamnati, da bankuna, da kamfanoni, inda ake ba kowa kwamfuta da hanyar intanet domin aiki. Sau da yawa idan ma'aikaci ya kunna na'urar sai sanarwa ta bayyana cewa kayan na ma'aikata ne, kuma ana sa ido kan abin da ake yi da su. Sai ya latsa alamar yarda ba tare da ya karanta ba. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: shin wannan sanarwa ta halatta wa mai ma'aikata ya karanta duk abin da ma'aikacinsa ya rubuta?

Wannan tambaya ta taɓa zuwa gaban alƙalai. Wani injiniya mai suna Barbulescu yana aiki a wani kamfani a Bukares, babban birnin Romaniya. Kamfanin ya umurce shi ya buɗe akwatin saƙo na Yahoo Messenger don amsa wa masu ciniki, kuma dokar kamfanin ta hana amfani da kayan aiki ga buƙatar kai. A watan Yuli na 2007 aka yi kwanaki ana naɗar saƙonninsa. Da aka tambaye shi, sai ya ce bai yi amfani da akwatin ba sai ga aiki. Nan take aka ajiye masa shafi 45 na hirarsa da ɗan uwansa da matar da zai aura, har da maganar lafiyar jikinsa, aka kuma kore shi. Kotunan ƙasarsa suka ba kamfanin gaskiya. Amma ranar 5 ga Satumba 2017 babban zauren Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, da rinjayen alƙalai 11 a kan 6, ya yanke cewa ba a kare masa haƙƙinsa na sirri ba, domin kotunan ba su bincika ko an sanar da shi tun farko irin sa idon da za a yi da iyakarsa ba, kuma ba su duba ko akwai hanyar da ta fi sauƙi da karanta saƙonnin ba.

Mai hankali zai lura akwai laifi biyu a wannan labari. Ma'aikacin ya saɓa sharaɗin da aka gindaya masa, ya kuma faɗi abin da ba haka yake ba. Kamfanin kuwa ya shiga maganar da ke tsakanin mutum da iyalinsa. Laifin na farko bai wanke na biyu ba.

Mu fara da haƙƙin mai ma'aikata. Na'urar dukiyarsa ce, lokacin aiki kuma ya saye shi da albashi. A wuyansa akwai asirin masu hulɗa da shi: kuɗin da mutane suka ajiye, takardun marasa lafiya, sakamakon ɗalibai. Idan bai tsare hanyar intanet ɗin ba, ɓarayi za su shiga, kuma shi za a tambaya. Shari'a ba ta hana bin diddigin aiki ba. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi bayan ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma yi inkarin kyautar da ya ce an ba shi. Sayyadina Umar yakan aiki Muhammadu ɗan Maslama ya binciki gwamnoninsa. Ke nan ma'aikacin da ya ce kada kowa ya duba aikinsa bai fahimci amana ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Sai dai abin da aka bincika a waɗannan misalai dukiyar jama'a ce da aikin da aka ɗora wa mutum. Abin da ya wuce nan yana da wani suna, shi ne tajassusi, wato bin asirin mutane, kuma aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana shi, ta haɗa shi da mummunan zato da giba, domin ukun nan a jere suke zuwa: zato ya sa a leƙa, abin da aka gani kuma ya zama abin hira. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan hijira, ya bayyana cikin Ahkamus Sulɗaniyya cewa ko mai hisba ba shi da ikon tone abin da aka ɓoye, sai idan akwai alama mai ƙarfi ta ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. To idan wanda hukuma ta naɗa don hana mummuna an yi masa wannan iyaka, ina ga wanda albashi kawai ya haɗa shi da mutum?

Yanzu mu koma ga sanarwa. Amfaninta babba ne, domin ta fid da al'amarin daga yaudara. Wanda aka gaya wa ana kallonsa ya san inda zai sa ƙafa, kuma in ya amince da sharaɗi, cika shi ya wajaba a kansa. Amma sanarwa kamar sallama ce a ƙofar gida. Wanda ya yi sallama aka ce ya shigo, zaure aka buɗe masa, ba wanda ya ce ya wuce ɗakin matan gida. Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga gidan wani, har ta ware lokuta uku da yaran gida ma sai sun nemi izini. Sannan a tuna cewa yardar mai neman aiki yarda ce mai rauni. Wanda ya shekara yana yawo da takardunsa, aka miƙa masa takarda aka ce ya sa hannu, ba zai tsaya ciniki ba. Mai ƙarfi da ya fake da irin wannan sa hannu don ya ga abin da bai shafe shi ba, ya sani takardar ba za ta zama hujja gare shi ba ranar hisabi.

Saboda haka sanarwa ta adalci ita ce wadda aka bayar kafin a fara sa ido, da harshen da ma'aikaci yake ji, ta faɗi abin da ake dubawa, da dalili, da wanda zai gani, da tsawon lokacin da za a ajiye shi. Kuma a tsaya ga gwargwadon buƙata. In toshe wani shafi ya isa, ba dalilin karanta saƙo. In an ci karo da maganar iyali ko ta rashin lafiya, a kau da ido. A Nijar ma an kafa dokar kare bayanan sirri na mutane a 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP domin wannan aiki, don haka ya kamata masu ma'aikatu su nemi sanin abin da doka ta ɗora musu.

Akwai mutum na uku da ake mantawa da shi, shi ne masanin na'ura da aka damƙa wa kula da hanyar. Shi ne yake gani da idonsa. Matsayinsa kamar na likita ne ko mai wankan gawa: abin da ya gani saboda larurar aiki amana ce, bai halatta ya kai shi majalisar shayi ba, ko ya riƙe shi makami don ranar saɓani.

Kai kuma ɗan uwa ma'aikaci, rigakafi ya fi magani. Karanta abin da kake amincewa da shi. Maganarka da iyalinka ka yi ta a wayarka, a lokacin hutunka. Kada ka ci albashin awa takwas da aikin awa uku. In an tambaye ka, faɗi gaskiya.

Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa shugaban da ke neman abin zargi cikin mutanensa ɓata su yake yi. Muna ganin haka a fili: inda ake leƙen kowa, mutane sukan koyi ɓoyo da aikin ganin ido, amincin da ke tsakaninsu ya tafi. Ma'aikacin da ya san Allah yana ganinsa ba ya buƙatar mai gadi a kansa, shugaban da ya san za a tambaye shi game da waɗanda ke ƙarƙashinsa kuma ba ya buɗe abin da Allah Ya rufe.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya sa abincinmu ya zama halal. Amin.