Kiɗan Finlan a Aljihun Ɗalibi

A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa saboda 'yan bindiga, amma ɗalibi mai memori bai rasa kiɗa ba. Idan Nightwish ta ƙasar Finlan yake so, masu haɗa rugugin jita da muryar opera, tambayar da ke jiransa a Islamiyya tsohuwa ce: halal ko haram?

Masu haramtawa suna kafa hujja da hadisin kayan kiɗa na Bukhari. Ibnu Hazmin Andalus bai yarda da ingancinsa ba. Gazali kuwa, cikin littafinsa Ihya'u, ya auna sauti da abin da yake tayarwa a zuciya.

Ma'aunin Gazali ya fi wahalar da iyaye, domin uban da zai ƙwace wayar sau da yawa ya haddace waƙoƙin Shata.